Bawa Kodai da Ganyen da Ya Ƙi Wuta

Duk wanda ya zauna a bayan tashar Talata Mafara ya san ranar da aka kayar da Bawa mai shayi a gardama, a tsakar gidansa, a kan kayan sana'arsa, gaban matan maƙwabta da akuyar gidan. Abin rigimar bai taka kara ya karya ba. Wani baƙin ganye ne a ƙulle cikin leda, an barbaɗa masa shuɗin fure, yana tashin ƙamshin da babu wanda ya san sunansa. Tsaraba ce daga Saudiyya.

Taibatu, matarsa, ta kai ledar hanci ta lumshe ido. "Turaren wuta ne."

"Shayi ne," in ji Bawa.

"Malam, tun da anka haife ni ban taɓa ganin shayi da fure ba. Dubi nan, shuɗi-shuɗi, sai ka ce zanen amarya. Shaƙa ka ji. Wanga ƙamshi na ciki ne ko na ɗaki?"

"Ki dubi ganyen dai. Ganyen na san shi, da shi nake kwana da shi nake tashi."

"Awo, ka san ganye. Akuya ma ta san ganye."

Matan maƙwabta, waɗanda ko ludayi ya faɗi a gidan wani sai sun leƙo jaje, suka ce a gwada a huta. Taibatu ta ɗebo garwashi a kasko ta yafa ganyen. Shaƙa ɗaya aka samu ta daɗi, daga nan hayaƙi ya turnuƙe irin na gonar da aka cinna wa wuta bayan girbi. Mata suka kama tari, akuya ta ja igiyarta ta koma bayan rumbu. Bawa ya yi dariya har da buga cinya, ya manta wanda bai haye ba ba ya dariyar na cikin ruwa.

Sai aka ce saura shi. Ya ɗauko buta, ya cika hannu da ganyen ya zuba, ya jefa citta da kanumfari, ya hura wuta ya bar shi ya tafasa har ya yi baƙi ƙirin, yadda Allah Ya hore masa yi tun yana saurayi. Ya tsiyaya madara, ya ɗaga kofi sama ya sheƙa, ya sake sheƙawa har kumfa ta tashi, ya miƙa wa tsohuwar da ta fi kowa shekaru. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta dubi Bawa da idon tausayi, ta juya ta tofar a gindin bango.

"Ɗan nan, maɗaci ne da sabulun wanka."

Taibatu ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Nawa dai ya kori sauro. Naka mi ya kora? Baƙi."

Bawa ya dubi butar, ya dubi ledar, ya sosa ƙeya. "To... ko dai turaren ne?"

Shi ke nan, shari'a ta ƙare. Taibatu ta ƙulle ledarta ta jefa cikin kwalla.

Wannan "ko dai" ita ce ta ba shi suna, don a Mafara in ka ce Bawa kawai, sai an tambaye ka wanne, amma in ka ce Bawa Kodai, yaro ma zai nuna maka teburinsa. A Damri aka haife shi, can ƙasar Bakura, gidan manoma. Tun yana ƙarami uwarsa ta daina tambayarsa fura ko kunu, don kafin ya zaɓa duk sun kwana. Abin da ya kawo shi Mafara ma, jaki aka aiko shi saye ranar Talata. Ya tarar da jakuna biyu, ɗaya mai ƙarfi, ɗaya mai hankali. Ya yi ta zagaya su, ya duba haƙorin wannan, ya dawo ya taɓa bayan wancan, har kasuwa ta watse aka kora su gaba. Kunyar komawa gida hannu rabbana ta zaunar da shi a bencin wani tsohon mai shayi, ya taya shi wanke kofuna, gari ya waye yana hura masa wuta. Jakin da ba a saya ba ke nan har yau. Aure kuwa, da Taibatu ta jira bakinsa da yanzu tana gidan ubanta da furfura. Ita ta dube shi wata rana a dandali ta ce ya turo magabatansa ko ya daina ɓata mata tabarma.

Abu ɗaya ne tak a duniya Bawa bai taɓa yi wa "ko dai" ba, shi ne shayi. Shayi a wurinsa sai an dafa shi ya ji wuta, ya yi kauri, citta ta kama maƙogwaro, direban da ya taso daga Gusau ya kurɓa ya ji idonsa ya buɗe har Sakkwato. Manoman rani da ke fita gonakin shinkafa da sanyin safiya, masu lodi, 'yan acaɓa, duk a bencinsa suke karya kumallo da biredi da ƙwai. Za ka iya canja masa ra'ayi kan siyasa sau uku kafin ka gama kofi ɗaya, amma kada ka taɓa butarsa.

To, butar ce kuwa ƙanensa ya taɓa.

Zaharaddini tela ne, shagonsa na kallon teburin Bawa, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum ne mai tsokana da son gwaje-gwaje, irin wanda zai ɗinka wa riga aljihu a inda ba a taɓa sa aljihu ba don ya ga abin da za a ce. Wata ranar kasuwa, Bawa ya zagaya bayan tasha, Zaharaddini ya fere ɓawon lemun tsami ya jefa cikin babbar butar. Direbobi suka kurɓa suka yamutsa fuska, aka yi ta tsiya, wani ya ce Bawa ya koma sayar da maganin shawara. Da Bawa ya tsamo ɓawon da cokali, Zaharaddini na can bakin shago yana ƙyaƙyata dariya.

"Yaya, ƙamshi na ƙara maka. Ka bari ka ji."

Ranar Bawa bai sosa ƙeya ba. A gaban mutane ya ce, "Ba a taɓa yin shayi da ɓawon lemu ba, ba kuwa za a yi ba. Wanda ke son shi haka ya nemi wani gari."

Magana ce ta fushi, ba ta kai a ɗaure kaya ba. Amma da ma Zaharaddini ƙafarsa ɗaya na waje, kuma maganar da aka faɗa maka a tasha ranar Talata duk ƙasar Mafara ta ji. Kafin damina ta faɗi ya sayar da keken ɗinkinsa ya tafi Saudiyya, bai tsaya sallama a teburin ba. Shekaru suka fi goma. Yakan kira wayar Taibatu, matar wa abokiyar wasa, su yi ta zolayar juna, a ƙarshe ya ce, "A gaida mai shayi." Bawa na tsaye kusa, hannunsa ya ɗan miƙo, ko dai ya karɓa, ko dai ya bari sai shi ya nema, har katin ya ƙare. Duk shekara kuma in alhazai sun dawo sai ga ƙullin turare na Taibatu. Na Bawa, gaisuwar nan ce kawai.

A shekarar da ake magana, labarin rasuwar Zaharaddini ya riga tsarabar isowa. Ciwo ne na 'yan kwanaki, aka yi masa sutura can. Sai da aka share makoki sannan wata Hajiya Lailatu ta Bakura, wadda ya ba wa saƙon kafin ya kwanta, ta aiko da ledar.

Ka ga ke nan abin da matan maƙwabta ke wa dariya ba abin dariya ba ne a cikin Bawa. In turare ne, to na Taibatu ne kamar kullum, Zaharaddini ya tafi kabari bai tuna da wansa ba. In shayi ne, mutum ɗaya ne a gidan ake aika wa shayi. Ga shi kuma kowane gwaji cin ganyen yake yi, wanda ya aiko ba zai sake aikowa ba.

Ya kwana biyu yana zagaya kwallar kamar kyanwa da tukunyar kifi, sannan ya ce, "Taibatu, ko dai ki ɗan ɗebar mini kaɗan?"

"Ka sake yi wa tsofaffi sabulu?"

"Tambaya zan kai."

Ta harare shi, ta ɗauko ledar, ta raba biyu. Hannunta bai yi rowa ba, bakin ne dai ba ya hutu. "Ka tafi ka tambayo. In anka ce maka turare ne, ka dawo mini da abina. In anka ce maka shayi ne, ka tsaya wani ya sake ce maka turare ne, na san ba ka rasa shi."

Ya juye rabonsa a wankakken gwangwanin madara, ya rufe da leda, ya hau acaɓa sai Bakura.

Hajiya Lailatu ta karɓe shi da gaisuwa mai tsawo, an gaida gida, an gaida gajiya, an yi ta'aziyya an sake, an tambayi mutanen Damri ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka mutu tun tana budurwa. Da ƙyar Bawa ya samu ƙofa.

"Hajiya, wanga saƙo, haka yaz zo a leda?"

"Ina! Cikin kwali yake, kyakkyawa. Kaya sunka yi mani nauyi a filin jirgi, na yage kwalin na juye."

"Mi anka rubuta a jiki?"

"Larabci da Nasaranci. Ni da ko allona ban sauke ba?"

"Babu hoto?"

"Akwai fure." Ta ɗaga kai tana kallon rufin ɗaki. "Da wani abu mai hanci kusa da shi. Buta ce ko? Ko kuwa kwalbar turare ce mai dogon wuya? Kai, ina jin dai fitila ce."

Bawa ya share gumi. "To shi da ya ba ki, mi yac ce? Ki kai ma Yaya, ko ki kai gidan Yaya?"

"Bawa, ina fama da tarin Makka, kunnena na ƙugi, ka ce in riƙe maka ko Yaya yac ce ko gidan Yaya? Abin da na tuna, shina dariya. Har da riƙe ciki."

Kafin ya tashi ta sa yatsu uku ta ɗebi ganyen, wai za ta sa a akwatin tufafi. Ya fito, tambayarsa ɗaya ta haifi 'ya'ya. Dariyar mece ce? Shi ake wa, ko Taibatu?

Da ya dawo Mafara ya biya wurin wani Buzu mai gadin shagunan bakin titi, mutumin da butarsa ƙarama ba ta sauka daga kan gawayi. Buzun ya sassauta rawani ya shinshina, ya murza ganyen a tafin hannu, ya tauna ɗaya.

"Shayi ne," ya ce. Bawa ya matso kusa. "Amma ya lalace. Kwalbar turare ta fashe a kansa cikin jaka. Ka wanke shi da ruwan zafi ka zubar, ka dafa ka zubar, na uku wataƙila ya shawu."

"To furen fa?"

"Shara ce. Matan alhazai mi ba su haɗawa a jaka?"

Shi ma ya ɗebi nasa na gwaji. Bawa ya koma teburinsa yana lissafi. Ga mai cewa turare, ga mai cewa shayi ne da turare ya ɓata. Wato kowa ya yi gaskiya, ko kuwa kowa ya yi ƙarya? Kwanakin nan ya zuba wa mai neman shayi ba madara madara, ya soya wa mai biredi zalla ƙwai, ya sa wa wani suga sau biyu. Maiwada direba, wanda ke jigilar Maradun kuma ya fi kowa daɗewa a bencin, ya ajiye kofi ya ce, "Kodai, in ba ka warware wanga ƙulli ba za ka kashe mu da ciwon suga. Gobe ka shiga gaba. Ina da gwaggo a Maradun, ungozomar asibiti ce da ta yi ritaya, ta yi shekaru tana aiki a Jidda. In ita ba ta sani ba, ka haƙura ka shafa a hammata."

Suka tashi da rana ta ɗaga sosai, don hanyar yanzu ba a yi mata sammako. Gwaggon tasa, Hajiya Ummulkhairi, doguwa ce, busasshiya, da tabarau a kan hanci, irin matan da suka saba ba da umarni ga mai naƙuda da mijinta gaba ɗaya. Ta buɗe gwangwanin, ba ta ma kai shi hanci ba.

"Wa ya sa wanga a gwangwanin madara? Shayi ne, mai tsada ma. Baƙin ganye ne, anka turara shi da bargamot."

"Da wa?"

"Ba mutum ba ne. Wani lemu ne da ake nomawa ƙasar Italiya, ga ɗaci ga tsami, ba a shan shi. Man ɓawonsa ake tatsa a fesa wa ganyen. Ana sa man a turare ma, shi ya sa hancinku ya rikice."

Bawa ya ƙura wa gwangwanin ido. Ɓawon lemu.

"Furen kuma?" in ji Maiwada.

"Ado ne, don ido ya sha kafin baki. Wani da wardi ake haɗa shi, wani da yasmin, su kam suna ƙara ƙamshi. Ya kuka dafa shi?"

Bawa ya faɗa mata, da citta da kanumfari da komai. Ta cire tabarau ta dube shi kamar ya ce ya yi wa jariri wanka da barkono.

"Ba a dafa shi. Ruwa za ka tafasa, ka sauke. Ka ɗauraye butar da ruwan zafi, ka zuba ganye ƙaramin cokali ga kowane kofi, ka kwarara ruwan a kai, ka rufe."

"Sannan in mayar kan wuta."

"Ka mayar da hannunka aljihu."

"Hajiya, ganyen da bai ji wuta ba ya za a yi ya zama shayi? Ai jiƙo ke nan."

"To jiƙon za ka yi. Ka bar shi gwargwadon alwalar mutum mai natsuwa, ba ta direba ba." Maiwada ya yi tari. "In ka cire da wuri, ruwan wanke kofi ne. In ka bar shi ya daɗe, ɗaci ya fito ya danne ƙamshin. Sai ka tace."

"Citta fa?"

"A'a."

"Ko ƙwaya ɗaya ta kanumfari?"

"A'a. Suga kaɗan in kana so. Madara ɗigo, ko yankin lemun tsami, amma ba duka biyu ba, sai ta tsinke. Kada kuma ka ɗaga shi sama kana sheƙawa, iska za ka shayar da ƙamshin. In ka koma gida ka samu gwangwani mai murfi, ka nisanta shi da daddawa da albasa, don ganyen shayi ɗan gulma ne, duk abin da ya ji kusa da shi sai ya ɗauka."

Bawa ya yi tagumi. "Ba wuta, ba citta, ba sheƙa. To ina aikin mai shayi?"

"Jira," in ji ta. "Kawo in yi maka yanzu ka gani."

Ya rungume gwangwanin. Abin da ya rage a ciki bai wuce a yi buta ɗaya ba. Ko dai ya ba ta? Ko dai ya bari sai gida? Tana ta kallonsa har ta gaji ta mayar da tabarau ta ce wa Maiwada ya kwashe baƙonsa.

A mota, maimakon ya samu sauƙi sai kansa ya ƙara kullewa. Taibatu ta rantse, Buzu ya rantse, ungozoma ta rantse, kowa da fuskar wanda ya sani. Maganar ɓawon lemun nan kuwa ta yi masa daɗi da yawa, kuma Bawa ya daɗe a duniya ya san abin da rai ke so shi kunne ke saurin gaskatawa. In ya jiƙa ya ji sabulun nan dai, shi ke nan, ba ganye, ba ƙane. In bai jiƙa ba, yana da gwangwani da kuma "wataƙila". Ya ɗora gwangwanin bisa katangar ɗaki, ya yi ta wuce shi yana gaishe shi da ido.

Taibatu ce ta gaji. Wata Juma'a da hantsi, bayan ya tashi daga tebur, ta fito da ledarta ta karkaɗe a gabansa, babu ko ƙura. Nata ta ƙone shi kaf, kaɗan-kaɗan, duk da tarin da yake sa ta.

"Nawa ya ƙare. Ko ka yi abin da za ka yi da naka yau, ko in juye shi a kasko. Ba a ajiye kayan mamaci ana kallo."

Kafin ya ce uffan ta aika an kira maƙwabta, har da tsohuwar da ta tofar. Bawa ya ga babu mafita. Ya tafasa ruwa, ya sauke. Ya ɗauraye ƙaramar buta, ya juye ganyen duka, furen na bin bayansa, ya kwarara ruwan, ya rufe. Hannunsa ya kai ga ƙullin citta, ya janye.

Daga nan aka shiga uku. Garwashi na nan ja wur yana kiransa. Hannun da ya shekara talatin yana ɗora buta a wuta ya ɗauki butar da kansa ya nufi murhu. Ko dai ungozomar ta yi gaskiya? Ya dawo da ita ƙasa. To amma ita haihuwa ta sani, ina ruwanta da shayi? Ya sake ɗauka. Ai kuwa ta ambaci ɓawo, wa ya gaya mata zancen ɓawo? Ya ajiye. Ko dai ya ɗan ɗora ta gefe-gefe, ba a wuta ba, ba a ƙasa ba?

"Malam, tallan butar kake yi?" in ji Taibatu.

"Ku bar shi, ɗawafi yake," in ji wata.

Ya ɗauka, ya ajiye, ya buɗe baki zai tambayi tsohuwa ra'ayinta, ya fasa. Haka ya yi ta kai da kawowa, buta ba ta taɓa wuta ba, har Taibatu ta yi tsaki ta fizge ta daga hannunsa, ta ɗauko rariya ta tace a kofi ta dangwara masa. In da za a auna, tsawon ruɗewar Bawa daidai yake da alwalar mutum mai natsuwa. Halin da ya hana shi jaki, shi ya jiƙa masa shayi.

Ruwan ja ne garau, ana hango gindin kofi. A teburinsa da ya miƙa wa direba irin wannan, sai an tambaye shi ko ganye ya yi tsada. Bawa ya ɗaga ya kurɓa, ba suga ba madara.

Babu sabulu, babu maɗaci. Shayi ne ya fara zuwa, sosai, mai ɗan kama harshe. A bayansa wani abu ya taso ta maƙogwaro ya fito ta hanci, mai sanyi, mai kaifi, irin abin da ke tsalle ya shiga idon mutum in ana fere lemu kusa da shi. Bawa ya tsaya da kofi a hannu. Yana ganin bakin shagon tela, da mutum a tsaye yana riƙe da ciki.

Ya fara dariya, dariyar ta karkace ta zama wani abu dabam, ya sa hannun riga ya goge fuska.

"Ja'iri," ya ce. "Na ce ya nemi wani gari. Ashe ya samo garin."

Matan suka dubi juna, don ba su san inda zancen ya nufa ba. Taibatu ta sani. Ta juya baya ta yi kamar tana gyara murhu, ta daɗe tana gyara abin da bai lalace ba. Sannan ta juyo ta tsiyaya wa kanta, ta jefa suga kaɗan, ta kurɓa. Ta sake kurɓa. Aka zagaya da sauran a ƙananan kofuna, tsohuwa ta riƙe nata a baki kamar wancan karon, kowa na jira, sai ta haɗiye ta ce a ƙara mata.

Amma kada ka ɗauka Taibatu za ta sallama. Shekara da shekaru ƙullin Zaharaddini nata ne, ba za ta bari na ƙarshe ya fita hannunta a gaban maƙwabta ba.

"Ni dai har gobe turare ne," ta ce. "Turare ne anka jiƙa. Ita ungozomar taka ba ta ce ana sa man a turare ba? To mi ya rage? Kowa ya san ni yake aiko ma tsaraba. Ku shaƙa ku ji, jama'a, in kun shiga ɗaki kunka ji wanga ƙamshi, za ku ce shayi anka yi ko amarya anka kawo?"

Gardama ta sake tashi sabuwa. Wata ta ce shayi ne, wata ta ce turare ne mai shawuwa, tsohuwa ta ce ita dai ko mene ne a bar mata na gindin buta. Taibatu na tsakiya tana kawo hujja bisa hujja, ta shanye kofinta, ba ta ko tsagaita ba ta miƙa wa Bawa shi don ya ƙara mata. Duk aka zuba masa ido ana jiran ya sosa ƙeya.

Bawa ya dubi kofin da ke gabansa, ya dubi mai kofin, ya rungume butarsa.

"Turare ne, Taibatu, na ji. Amma ban taɓa ganin kasko ya miƙo kofi yana neman ƙari ba."